'Yan Mazan Jiya Na Ƙarewa da Labarinsu a Ciki: Daga Sansanonin Gwale-gwale Zuwa Zaurukan Maitumbi

Kafin rana ta ɗaga, bakin titin Maitumbi a Minna ya riga ya cika. Motocin Gwada da Kuta na lodi, 'yan acaɓa na kutsawa tsakanin masu Keke Napep, mata na sauke doya daga akori-kura, 'yan makaranta na tsallaka titi da gudu kada a rufe musu ƙofa.

A gefe guda, ƙarƙashin rumfar mai shayi, dattawa ne zaune da rediyonsu. Da wuya ka rasa tsohon soja a cikinsu. Za ka gane shi daga yadda yake miƙe baya a kan benci, da yadda yake amsa gaisuwa a taƙaice.

Galibin tsofaffin sojojin da suka rage yanzu yaƙin basasa suka gani, ko kuwa Laberiya da Saliyo. Na gaba da su, waɗanda suka je Yaƙin Hitila, sun kusa ƙarewa. Lissafin ba wuya: yaron da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya cika ɗari.

Ka tambayi jikan irin wannan mutum abin da ya sani, zai ce maka kakansu ya je Bama. Daga nan zance ya tsaya. Ina ce Bama, da wa aka gwabza, me tsohon ya gani da ya sa ba ya son a tada maganar, duk an binne su tare da shi.

A watan Janairu akwai ranaku biyu da ya kamata su tuna mana wannan asara. Ranar 15 Najeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya. Ranar 27 kuma, bisa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005, duniya ke tunawa da kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi. Mu a nan ba mu cika haɗa su ba, alhali Yaƙin Hitila ya shafi duka biyun, kuma kakanninmu na cikinsa.

Abin da aka tarar a bayan waya

Ranar 27 ga Janairun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka isa sansanin Auschwitz a ƙasar Folan. Mutum kusan 7,000 suka tarar da sauran numfashi. Kafin wannan rana an hallaka sama da mutum miliyan ɗaya a wurin, galibinsu Yahudawa, mafi yawa a ɗakunan iskar guba. A rumbunan ajiya sojojin sun ga tulin takalma da tufafi da gashin kan mutane an ɗaure a buhuna.

A watan Afrilu sojojin Amurka suka shiga Buchenwald, daga baya Dachau. Ranar 15 ga watan na Birtaniya suka isa Bergen-Belsen, inda suka sami kimanin mutum 60,000 cikin yunwa da cuta, ga gawa sama da 10,000 a yashe ba a binne ba.

Abin da tsofaffin sojoji da yawa suka fi ambata daga baya shi ne warin wurin, wanda suka fara shaƙa tun daga nesa. Sai kuma wani abu da ya daɗe yana cin ransu. Tausayi ya sa sun buɗe gwangwanayen namansu da biskit sun miƙa wa fursunonin. Cikin da ya yi watanni bai ga abinci ba ya kasa ɗauka, wasu suka mutu da abincin ceto a bakinsu.

Ko bayan buɗe ƙofa mutuwa ba ta tsaya ba. A Bergen-Belsen kaɗai an ƙara rasa mutum kusan 14,000 cikin makonnin da suka biyo baya, saboda yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Da katafila aka riƙa tura gawarwaki cikin manyan ramuka, daga ƙarshe aka banka wa bukkokin wuta don a kashe cutar. Yawancin sojojin da suka yi wannan aiki samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya.

Gani ya kori ji

Ranar 12 ga Afrilun 1945 Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance a Yammacin Turai, ya je ƙaramin sansanin Ohrdruf da kansa. Ya zagaya ko'ina, ya ƙi a ɓoye masa komai. Da ya fito sai ya nemi a turo 'yan majalisa da 'yan jarida su gani da idonsu, domin ya hango ranar da wani zai tashi ya ce duk farfagandar yaƙi ce.

Hasashensa ya tabbata, masu musu sun taso. Abin da ya tare musu hanya shi ne shaida: hotuna, fina-finan da aka nuna a kotun Nuremberg a Nuwamban 1945, takardun 'yan Nazin da kansu, da bakin waɗanda suka gani.

Cikin masu wannan shaida akwai Leon Bass, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya shiga Buchenwald a Afrilun 1945 yana ɗan shekara 20. A rundunar da ke ware baƙi daga farare ya yi aiki. Ya koma gida ya yi shiru sama da shekara ashirin.

Wata rana, yana shugaban wata makarantar sakandare a Philadelphia, wata mata da ta tsira daga sansanin 'yan Nazi ta zo yi wa ɗalibai jawabi, yaran suka ƙi natsuwa. Bass ya miƙe ya ce musu gaskiya take faɗa, shi ma ya gani. Daga ranar har rasuwarsa a 2015 bai daina ba da wannan shaida ba.

Turawa ba su bar irin wannan magana ga iska ba. Gidauniyar Shoah da Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki bidiyon shaidu sama da 50,000. Gidan tarihin yaƙi na Landan na da muryoyin dubban tsofaffin sojoji a ajiye. Mai shaida ya mutu, shaidarsa na nan.

Afirka ta riga Turai ɗanɗanawa

Mai karatu na iya cewa wannan labarin Turawa ne, ina ruwan Maitumbi? Amsar ita ce sansanin gwale-gwale ba baƙo ba ne a Afirka. Tun tsakanin 1904 da 1908 Jamusawa suka tsare 'yan ƙabilun Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu, dubbai suka mutu. Sai a 2021 Jamus ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne.

A Libiya, Italiya ta kora al'ummar gabashin ƙasar cikin sansanonin hamada a farkon shekarun 1930. A ɗaya daga cikinsu, Suluƙ, aka rataye Umar Mukhtar a Satumban 1931, a gaban dubban fursunonin da aka tara don su karaya.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Danane, a gaɓar teku, kimanin kilomita 40 kudu da Mogadishu. Bayan an jefa wa gwamnan Italiya, Graziani, gurneti a Addis Ababa a Fabrairun 1937, an kashe dubban Habashawa cikin kwana uku, aka kwashi wasu a manyan motoci zuwa Danane. Can suka haɗu da aikin tilas a gonaki, da ruwa mai gishiri, da atuni da zazzaɓin cizon sauro. Shaidun Habashawa sun ce cikin mutum sama da 6,000 da aka tsare a wurin, kusan rabi ba su fito da rai ba.

Rawar da sojojin Najeriya suka taka

A Fabrairun 1941 birget ta 23 ta sojojin Najeriya, ƙarƙashin hafsoshin Birtaniya, ta keta gaɓar tekun Somaliya a motoci, ta ci kusan kilomita 400 cikin kwana uku. Ranar 25 ga watan ta shiga Mogadishu. Faɗuwar birnin ce ta karya ikon Italiya a wannan yanki, kuma a tsakiyar Maris hukumomin sojan Birtaniya suka karɓi Danane, da sauran fursunoni sama da dubu a ciki.

Sojojin namu ba su tsaya ba. Sun nausa arewa sama da kilomita 1,000 zuwa Jijiga, suka fasa mashigin dutsen Marda, suka shiga Harar kafin Maris ya ƙare. Addis Ababa ta faɗi a farkon Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Habasha ce ƙasa ta farko da aka ƙwato daga hannun 'yan fasist a wannan yaƙi, kuma da gumin samarin Arewa a ciki, masu karɓar umarni da Hausa.

Cikinsu akwai Samanja Chari Maigumeri, wanda ya ga yaƙin duniya na farko da na biyu, ya samu lambobin yabo, aka kuma sa wa barikin Lokoja sunansa. Shi ya yi sa'a, an san sunansa. Dubban da suka yi tafiyar tare da shi ba a san su ba.

Jirgin da ya bi ta Minna

Bayan Habasha sai Bama. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa, dubun dubata. Wasu sun shiga da kansu don albashi da kaki, wasu kuwa hakimi ne ya nuna su, domin an ɗora wa kowace ƙasa adadin da za ta kawo.

Kurtun da aka ɗauka a Kano ko Katsina, aka horar a Zariya, hanyarsa ta zuwa tashar jirgin ruwa ta Ikko ita ce dogo, kuma dogon ta Minna da Zungeru ya bi. Tashar jirgin ƙasa ta Minna ta ga wucewar waɗannan samari, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin teku ba.

A kwarin kogin Kaladan suka haɗu da Japanawa, cikin daji mai duhu da ruwan sama na watanni. Babu hanyar mota, sai jirgin sama ya jefo abinci da harsashi, ɗan dako ya ɗora a ka ya hau dutse. Bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su a bayan layin abokan gaba a 1944.

A ƙarshen Janairun 1945, makon da aka buɗe ƙofar Auschwitz, sojojin Afirka ta Yamma suka kama garin Myohaung. Waɗanda suka kwanta dama a can, sunayen wasunsu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon.

Sunayen wuraren kuwa suna nan tare da mu ba mu lura ba: barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Mogadishu a Abuja. Kullum ana ambatarsu a labarai, amma kaɗan ne suka san filayen daga ne.

Sun dawo, aka tafa, aka manta

A 1946 galibinsu suka dawo. An tare su da kiɗa da waƙa. Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ɗan Kagara, Alhaji Abubakar Imam, ke wa edita tun kafa ta a 1939, ita ce ta riƙa kai wa iyayensu labarin yaƙin cikin Hausa.

Bayan biki sai kowa ya kama gabansa. Wasu suka sami aikin gadi ko ɗan doka ko tuƙin mota, wasu suka koma gona. Wani bincike da aka buga a 2019 ya fito da takardun da ke nuna cewa kuɗin sallamar da Birtaniya ta tsara wa farar fata a rundunoninta na Afirka ya kai kusan ninki uku na baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi.

A Accra, tsofaffin sojojin da suka fita neman haƙƙinsu a Fabrairun 1948 harsashi suka samu, uku suka mutu. A Thiaroye ta Senegal, sojojin Afirka da suka fito daga hannun Jamus suka nemi albashinsu a Disamban 1944, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta.

Me ya sa labarin ya salwanta?

Dalili na farko shi ne rubutu. Yawancin sojojin ba su yi boko ba, masu ajami kuma ba wanda ya nemi takardunsu. Hafsoshin Turawa ne suka rubuta tarihin rundunonin, kuma da idonsu suka kalli abin.

Na biyu tarbiyya ce. A wurinmu namiji ba ya zama ya zayyana tsoronsa ko abin da ya sa shi kuka. Tsohon da ke firgita cikin barci sai a ce taɓin yaƙi ne, a yi masa rubutu ya sha, a ja bakin yara.

Na uku siyasa. Bayan 1960 ana kallon yaƙin a matsayin na Turawan mulkin mallaka. Sai yaƙin basasa ya zo ya rufe na baya, har ranar tunawa da 'yan mazan jiya aka ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu. Ga shi kuma an yi shekaru babu darasin tarihi a ƙananan makarantu.

Abin da aka rasa, labarin mutum ɗaya da ya tsira ya isa ya nuna girmansa. Isaac Fadoyebo, daga yankin Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16. A Maris na 1944 Japanawa suka harbe shi a bakin Kaladan, aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su na watanni, alhali ya san in aka gano kashe shi za a yi.

Fadoyebo ya iya rubutu, ya rubuta. Shi ya sa ɗan jarida Barnaby Phillips ya nemo shi a Legas, ya kai wasiƙar godiyarsa ga iyalan Shuyiman, kafin tsohon ya rasu a 2012. Irin wannan labari nawa aka binne a maƙabartun Minna da Bida da Kontagora?

Ra'ayi ya bambanta

Ba kowa ke ganin a tono wannan zance ba. Akwai masu cewa yaƙin ba namu ba ne, an yi amfani da kakanninmu ne kawai, don haka ba abin alfahari a ciki. Gaskiya ne an yi amfani da su. Amma wanda aka ci guminsa ya fi kowa cancantar a rubuta sunansa.

Akwai kuma masu cewa, da abin da ke faruwa da Falasɗinawa, don me za a dame su da wahalar Yahudawan Turai? Zafin da ke bayan wannan magana na gaske ne. Sai dai zaluncin yau ba ya goge na jiya. Yahudawa miliyan shida da aka kashe, da yaransu da tsofaffinsu, ba su yi wa kowa laifi ba.

Kuma ba su kaɗai aka hallaka ba. Akwai 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fursunonin yaƙin Sobiyet kimanin miliyan uku. A Dachau aka harbe Noor Inayat Khan, 'yar gidan malaman Sufaye 'yan asalin Indiya, a Satumban 1944. Wanda ya saba musanta zalunci don ba ya son wanda aka yi wa, ya buɗe ƙofar da za a musanta nasa.

Su kuwa tsofaffin sojoji da iyalansu, damuwarsu ta fi kusa: fansho, magani, da matan abokan aikinsu da aka bari da marayu. A ganinsu ajiye furanni sau ɗaya a shekara ba ya cika tukunya. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ta hana a ɗauki muryarsu.

Sansanonin da ke kusa da gida

Ba a haɗa masana'antar kisa irin ta 'yan Nazi da ta'asar 'yan bindiga, kowanne da girmansa da manufarsa. Amma Jihar Neja ta san abin da ake nufi da a tsare ɗan Adam a daji, a hana shi abinci, a sa masa farashi.

A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai daga makarantar kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka ɗauki yara sama da 130 daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo ba. Titin da ya ratsa Maitumbi shi ne ke kaiwa Gwada da Kuta, inda makarantun firamare suka zama matsugunin mutanen ƙauyukan Shiroro.

Sojojin da suka fito da ɗaruruwan mata da yara daga dajin Sambisa a 2015, da waɗanda ke sintiri a dazukan Shiroro da Munya da Rafi a yau, su ma sun ga abin da baki ke nauyin faɗa. In ba a ɗauki shaidarsu da ta waɗanda suka ceto ba, nan da shekara hamsin wani zai tashi ya ce ba a yi ba.

Aikin da ya rage

Minna ba ta da uzuri. Nan ne hedkwatar horo da tsara dabarun yaƙi ta sojan ƙasa take. Nan tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, suke zaune. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ga Kwalejin Ilimi, ga jami'ar jiha a Lapai, ga gidajen rediyo.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta fitar da sunayen 'ya'yanta unguwa-unguwa. Malaman tarihi su tura ɗalibai su zauna da dattawan, su ɗauki magana cikin Hausa da Gbagyi da Nupe, yadda mai ita ya faɗa. A ajiye kwafi a Minna, a kai wani Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Gwamnatin jiha ta ware wa aikin kuɗi, ta kuma sa labarin Habasha da Bama a darasin yara.

Amma ba sai an jira gwamnati ba. A gidaje da dama akwai tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, da takardar sallama wadda gara ta fara ci, da lambar yabo mai tsatsa, da hoton saurayi cikin gajeren wando da jar dara. Lambar soja da ke jikin takardar nan ita ce mabuɗin neman tarihinsa. A ɗauki hotonta, a rubuta sunan mai ita da garinsu da bataliyarsa.

Inda tsohon ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, matarsa ko babban ɗansa na riƙe da wani abu daga abin da ya faɗa. Inda kuwa yana raye, ko na Bama ne, ko na yaƙin basasa, ko na Laberiya, wayar da ke aljihunka ta isa.

Mai karatu, kada ka bari sai ranar sadakar uku ka fara tambayar wane ne shi. Je ka gaishe shi a wannan makon, ka nemi izininsa, ka kunna rikoda, ka bar shi ya yi magana.